Sensa a gidan fiya wata, akwai wanda ya taɓa gwadawa a nan Kano?

Auta_Dakata:

Salam jama'ar gida. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar inji da kwamfuta. Muna da ɗan gidan fiya wata a wajen Dakata, na mahaifinmu ne, tunda jiki ya fara yi masa nauyi sai ya damƙa min kula da shi, ga shi ni kuma ina da shago a Kwari wanda ba zai yiwu in bar shi ba, to sai bayan la'asar nake leƙawa kamfanin wataran ma sai an yi magariba. Inji biyu ne, janareton gas ɗaya, motar kai kaya ɗaya, sai yara masu aiki da manaja.

Damuwata ita ce lissafi ya ƙi haɗuwa. Ledar da muke sayowa a kilo in na kwatanta ta da yawan jakar da ake rubutawa a littafi kullum sai na ga giɓi. Gas kuwa ana zuba shi yadda aka saba amma jakar da take fita ta ragu. Na tambayi manaja ya ce matsalar wuta ce, ofareta ya ce hitar da ke manne bakin leda ce take ba su wahala, direba ya ce shi abin da aka loda masa shi ya kai. Wallahi ba na son in zargi mutum ba ni da hujja, wasu daga cikinsu tun ina firamare suke tare da Baba.

Wani abokina ne ya ce min akwai sensa da ake maƙala wa inji tana ƙirga duk ledar da ya yanka tana turo maka a waya duk inda kake. Shi ne nake tambaya, abin nan yana aiki a irin ƙurarmu da zafinmu da yanayin wutarmu? A ina ake samun kayan, kuma wa zai haɗa? Kada in je in zuba kuɗi a abin da zai mutu kafin sallah.

Injiniyan_Sharada:

Wa alaikumus salam. Malam Auta abin yana aiki kuma ba wani siddabaru ba ne, aikina kenan a ƙananan kamfanoni nan Sharada da wajen Tokarawa. Amma kar ka ce komai da komai za ka auna a tashin farko, nan ne mutane suke ƙona kuɗinsu. Abu biyu kawai kake buƙatar sani yanzu, sau nawa inji ya yanka leda da kuma a wane lokaci, sai awa nawa janareto ya yi a kunne.

Mu fara da lissafin takarda tukuna. Irin injinan da aka fi amfani da su a nan, su Dingli da Koyo, suna yin wajen leda 2,000 a awa in komai lafiya. Leda 20 ce jaka ɗaya, ka ga jaka 100 kenan a awa kowane inji. Inji biyu a awa 8 ya kamata su ba ka wajen jaka 1,600. Ba a kaiwa nan a zahiri saboda canjin rol ɗin leda da jiran hita ta yi zafi da sallah da cin abinci, amma in littafinka yana nuna rabin haka alhali janareto ya wuni yana ruri, to akwai awannin da inji yake tsaye, kuma su ne kake son gani. Na san za a ce ai injin da kauntarsa yake zuwa. Haka ne, amma jimla kawai take ba ka, ba ta gaya maka cewa daga ƙarfe 11 zuwa 1 ba a yanka ko leda ɗaya ba, sannan dannawa ɗaya ake yi ta koma sifili.

Sensar da nake sakawa ita ce mai jin ƙarfe, a kasuwa za ka ga an rubuta LJ12A3 a jikinta, doguwa ce mai zare da noti biyu. Ba ta taɓa komai, ƙarfe ne kawai in ya matso kusa da bakinta kamar milimita 4 sai ta ba da sigina. Ana ɗaure ta kusa da hannun da yake motsa muƙamuƙin da ke manne leda ya yanke, duk zuwa ɗaya leda ɗaya. Na fi son ta a kan mai ido, wadda take aiki da haske, don ita mai idon da hunturu ya shigo ƙura ta rufe gilashinta ko ruwa ya fantsamo mata sai ta fara ƙirga abin da babu.

Daga sensa sai ɗan allon da zai yi ƙirgar, ESP32, na kamfanin Espressif ne na ƙasar Sin, tun 2016 yake kasuwa kuma da WiFi ɗinsa a ciki. Ka aje MiFi a ofis shi kenan, sai dai ka sani layin 2.4GHz kawai yake kamawa. Wasu suna saka SIM800L don ya yi aiki da layin waya kai tsaye, ni ba na ba da shawararsa sai dole, 2G ne kawai kuma lokacin da zai tura saƙo yana fizgar wuta har amfiya 2, in cajar ba mai ƙarfi ba ce sai ya dinga mutuwa yana tashi.

Ga inda aikin yake lalacewa in wanda ya haɗa bai taɓa shiga kamfani ba. Sensar nan tana cin wuta daga bolt 6 zuwa 36, yawanci 12 ake ba ta, shi kuwa ESP32 ƙafafunsa 3.3 suke ɗauka, in ba a saka optokofula, ɗan abin da ke raba wutar sensa da ta allon, a tsakani ba ranar farko zai ƙone. Sannan hita da motar da ke juya inji suna watsa hayaniyar lantarki a waya, sai ka ga ƙirga ta haura ba dalili. Maganinsa mai sauƙi ne, tunda inji yana yanka ɗaya duk wajen sakan 1.8, sai a rubuta masa cewa duk siginar da ta zo kafin sakan ɗaya ya cika ya watsar da ita. Na uku batir, dole allon ya zama yana da ɗan batirinsa, don lokacin da aka ɗauke wuta ana kiciniyar tada janareto nan ne kake son ya zama idonsa biyu. A saka masa agogo DS3231 da memori kad, in sabis ya gudu ya aje lissafin in ya dawo ya tura. A kulle komai a akwatin roba mai rufi, nesa da hita, nesa da kwanon rufi kuma, ka dai san watan Afrilu a Kano zafi yana haura digiri 40 a waje ballantana ƙarƙashin kwano.

Janareto kuma sai mitar wuta PZEM-004T, tana zuwa da zoben da waya take ratsawa ta ciki, tana ba ka bolt da amfiya da yunit. Waya ɗaya ake ratsawa, mai wutar, in aka haɗa da nutral sifili za ta nuna. Fes ɗaya take aunawa, in naka fes uku ne guda uku za ka saya. Janareton gas mai lafiya da yake ɗauke da lodi daidai yana ba da wajen yunit 3 ko sama kaɗan a kowace lita, to ka raba yunit ɗin da ya bayar da litar da aka ce an zuba ka gani. In ya yi ƙasa sosai ko dai gas yana bin wata hanya ko kuma janareton ya fi ƙarfin aikin, yana ta gudu ba lodi, wanda shi ma cuta ce don injin gas in ya daɗe yana aiki ƙasa da kashi 30 na ƙarfinsa sai ya fara tara baƙin mai a salansa.

Waya da akwati da bireka duk akwai a Sabon Gari wajen Faransa Rod, MiFi a Farm Centre, allon da sensar yawanci daga Legas ake aikowa ko a yi oda daga Sin, farashinsu dala yake bi. Masu haɗawa kuwa akwai yaran da suka karanta mekatironiks a BUK da na Kano Poly da hannunsu ya faɗa sosai.

Dattijon_Bompai:

Injiniya Allah ya ƙara basira, ka yi bayani. Amma yaro Auta ka saurare ni. Na tsufa a harkar roba da leda tun lokacin da Bompai take Bompai, da asuba in ka tsaya a titi kekunan ma'aikata kawai za ka gani. Kafin ka sayi ko waya ɗaya, ka sayi sikeli. Ka zaɓi rana guda ka rufe shagon Kwari ko ka bar wa yaronka, ka zo da sassafe ka auna rol da hannunka, a ɗora shi a gabanka, ka zauna har ya ƙare, ka ƙirga jakar da ya bayar, ka tara ledar da ta fashe ka auna ta ita ma, har kwalin tsakiyar rol ɗin ka cire nauyinsa. Daga ranar ka san kilo ɗaya jaka nawa yake ba ka. In ba ka da wannan lambar, duk abin da na'ura za ta turo maka a waya ba ka da abin da za ka gwada shi da shi.

Kuma wani abu da ba a faɗa, leda ba kauri ɗaya ba ce. Mai buga maka rol in ya ƙara kauri kaɗan kilo yana nan yadda yake amma tsawon ya ragu, jaka ta ragu, kai kuma kana can kana hararar yaranka. Na ga inda aka kori mutumin kirki a kan haka. Ni ban ce kar ka saka na'ura ba, zamani ne, amma ido ba mudu ba ne ya san kima, mahaifinka da ƙarar inji kawai yake gane yau an yi aiki ko ba a yi ba. Ka dinga zuwa ba tare da an san za ka zo ba.

Ofareta_Kawaji:

Ranka ya daɗe Baba ka faɗi gaskiya a maganar leda. Ni ofareta ne, inji nake tsayawa a kai, bari in faɗi namu ɓangaren tunda kullum mu ake fara kallo. Yallaɓai Auta in ofaretanka ya ce hita, kar ka ɗauka ƙarya yake. In wuta ta yi ƙasa hita ba ta kai zafin da aka saita ta, bakin leda ba ya mannewa, kana ɗagawa tana ɗiga, dole ka tsayar ka jira ko ka yi ta zubarwa. In aka koma janareto kuma sai ta sake ɗaukar lokaci kafin ta daidaita, ledar farko-farko duk asara ce. Sensar da Injiniya ya faɗa duk za ta ƙirga su a matsayin an yanka, to in ka zo ka ce inji ya yanka kaza ina sauran jakata, ka zalunce mu wallahi.

A inda nake aiki an saka irin wannan, da farko ranmu ya ɓaci sosai don ba wanda ya gaya mana komai, kawai muka zo da safe muka ga akwati a bango da waya ta bi bayan inji, kowa ya ce shi kenan an mayar da mu ɓarayi. Kuma in faɗa maka, mutumin da ransa ya ɓaci ba sai ya fasa komai ba, noti ɗaya zai sassauta sensa ta ja baya kaɗan ta daina ji, ya ce girgizar inji ce, waye zai musa? Abin da ya gyara lamarin shi ne da mai gidan ya zo ya tara mu ya sa aka kafa ɗan allo mai nuna lamba a inda kowa yake gani. Su yara masu zubawa a jaka a wajenmu da yawan jakar da suka ɗaure ake biyansu, sai ga shi lambar bango ta fi ta littafi kullum, ashe su ake ƙwara ba mai gida kaɗai ba. Yanzu in akwatin ya ɗauke su ne suke fara kiran waya a zo a gyara.

Shawarata ka ba ofareta hanyar faɗin dalilin tsayawa. Ko maɓalli uku ne a saka masa, na wuta, na canjin rol, na gyara, in ya tsayar ya danna. In ba haka ba kai dai za ka ga inji ya tsaya awa ɗaya a wayarka kana Kwari zuciyarka ta yi ta saƙa maka abubuwa.

Hajiya_MaiManGyaɗa:

Sannunku da ƙoƙari. Ni ba ruwa nake yi ba, man gyaɗa nake matsa a hanyar Dawanau, amma ciwon iri ɗaya ne. Abin da ya tura ni ga wannan harka kuɗin wuta ne, tun da aka ƙara wa 'yan Band A a watan Afrilun 2024, daga naira sittin da wani abu yunit ya koma 225, daga baya aka ɗan rage amma bai sauko ƙasa da 200 ba. Ga kuma abin da ya faru a Oktoban shekarar da Arewa ta yi kwana da kwanaki cikin duhu, kowa ya koma kan gas, a nan na san cewa awa ɗaya ta inji kuɗi ce ba wasa ba.

Ni zoben nan kawai aka saka min a wayar motar injin matsa. Ƙanena Auta abin da na gani ban taɓa zato ba. Mota in tana matsar gyaɗa amfiyarta tana sama, in tana juyawa ba komai a ciki sai ta faɗo ƙasa, to a zanen da yake zuwa min a waya sai na ga kullum da safe an kunna inji amma layin yana kwance a ƙasa tsawon lokaci. Ashe masu suyar gyaɗa ba sa gamawa da wuri, shi kuma mai inji yana zuwa yake kunnawa don in na kira in ji ƙara in san ana aiki. Ba wanda ya ɗauki ko ƙwayar gyaɗa, amma wuta tana ta tafiya a banza. Na mayar da masu suya su riga kowa zuwa, na ce kar a kunna sai an tara abin da zai riƙe inji, magana ta ƙare.

Abu ɗaya zan ja maka kunne a kai. Duk wanda zai haɗa maka, a buɗe akawun ɗin da imel ɗinka da lambarka, fasawod yana hannunka, kuma ya rubuta maka a takarda wace waya ta tafi ina. Yaron da ya yi min nawa mai hankali ne amma bautar ƙasa ta kai shi Kudu, da abin ya tsaya sai da muka sha wahala kafin wani ya gane kan aikinsa. Sannan kar ka biya duka sai ya yi sati yana aiki lambarsa tana dacewa da ƙirgar hannu.

Auta_Dakata:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba Dattijo in sha Allahu ranar Asabar zan yi abin da ka ce, akwai sikeli a shago zan tafi da shi, kuma ka tuna min da wani abu don kwanakin baya mun canza wajen da muke buga rol. Malam Ofareta maganarka ta shige ni, zan fara zama da su kafin a kawo komai, har mahaifinmu zan roƙa ya zo ya zauna a wajen don sun fi jin nauyinsa. Hajiya na riƙe maganar fasawod.

Injiniya saura tambaya biyu. Tunda sensar har ledar da ta fashe take ƙirgawa, ya zan yi in san ta kirki nawa ce? Sannan data fa, kar ya zama kullum ina saka wa MiFi kati.

Injiniyan_Sharada:

Data ba abin damuwa ba ce, lambobi ne kawai yake turawa ba hoto ba. In duk minti 5 zai tura, sau 288 kenan a wuni, ƙaramin bandir na wata ya ishe shi matuƙar yara ba su samu fasawod ɗin MiFi sun hau TikTok da shi ba. Wajen gwaji za a iya fara aikawa ThingSpeak, wani shafin intanet da ke tara lambobin sensa, na kyautarsu yana karɓar saƙo har miliyan 3 a shekara, sai dai sun ware shi ne don ƙananan ayyukan da ba na kasuwanci ba, in abin ya zauna sai ka biya ko a mayar da shi Google Sheets, a haɗa maka da Telegram ya dinga turo jimlar wuni bayan isha'i.

Maganar ta kirki da fasasshiya kuwa, kar ka ƙara wata sensa yanzu. Ka aje buhu ɗaya kusa da kowane inji, duk ledar da ta fashe ko ta fito ba ruwa a jefa ciki, da yamma a tsane ta a auna a sikelin nan naka. Ka riga ka san nauyin leda ɗaya daga gwajin da Baba ya ce ka yi, sai ka san guda nawa ce. Abin da sensa ta ƙirga, a cire na buhu, a raba da 20, shi ne jakar da ya kamata ka tarar a sito ko a takardar direba. In kana son ƙarin tabbaci daga baya sai a saka mitar ruwa a bututun da ya fito daga tankin da aka tace zuwa inji, tunda kowace leda rabin lita ce, jaka ɗaya lita 10, amma ka tuna ruwan wanke layi da safe shi ma ta nan yake bi.

Maɓallan da Malam Ofareta ya kawo shawara kuma zan ƙara na huɗu, na jiran ruwa, don a gidajen fiya wata da yawa samo, wato famfon da ke jawo ruwa daga ƙasa, shi ne yake kasa cika tanki inji ya zauna jira. Ka fara da inji ɗaya, ɗayan ka bar shi da littafi yadda aka saba. In ka gama awon ranar Asabar ka turo nan kilo nawa rol ɗin ya yi da jakar da ya bayar, da kuma KVA nawa ne janareton naku, sai mu duba ko bai yi wa inji biyu girma ba.